Guɗar Gwaggo a Bakin Wata

Daga Allah muke, kuma gare Shi Gwaggo ta riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na Birnin Kudu. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye. Kowa Gwaggo yake ce mata, har ɗan da ta haifa. Ni kuwa sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Uwata.

Kafin la'asar gida ya cika. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, ina jin abin da mata suke faɗa, raina yana ɓaci. Wannan ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Waccan ta ce, "Ba ruwanta da kowa, ko muryarta ba ka ji." Ko muryarta ba ka ji! Gwaggon? Na ɗaga kai na kalli mai maganar, sai na ga wata ce da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba. Gwaggo ba ta da haƙuri, Allah Ya gafarta mata, ba kuma za a ƙaƙaba mata shi don ta mutu ba. Murya kuwa ita ce sana'arta. Mai guɗa ce, kuma daga nan har Gwaram babu bikin da yake amsa sunansa in ba ta je ta kama hanci ta rangaɗa ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya a zaman nan, wata tsohuwa da ta zo daga Yalwan Damai a bayan babur. Tun daga soro take kuka tana cewa, "Wayyo ni, wa zai shigar mini da jikata ɗaki?" Aka yi ta ce mata, "Haba Inna, addu'a ake yi." Na tashi na rungume ta, a nan ne ni ma kuka ya zo mini.

Ranar sadakar uku Yaya ya aika a kira ni soro. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne kuma namiji, yana da motocin haya a hanyar Kano. Bai kalle ni ba ya ce, "Kwalin nan na ƙarƙashin gadonta, in an yi bakwai zan ƙone shi." Na ce, "Yaya, ka ƙone me?" Ya ce, "Kin ji ni."

A cikin kwalin nan babu komai sai kaset-kaset na bidiyo da faya-fayan sidi na mawaƙi guda ɗaya. A cikinsu akwai kaset na farko, kuma duk duniya nan ne kaɗai fuskar Gwaggo da muryarta suke tare. Hotonta da muke da shi na katin zaɓe ne, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. In Yaya ya kyasta ashana, jikokinta ba za su taɓa ganin Gwaggon da na sani ba. Tun daga wannan rana zama ya gagare ni, in na zauna in tashi, in na shiga ɗakin in fito.

Ba zan faɗi sunan mawaƙin ba. Ita ma ba ta faɗa, "yaron nan" take ce masa har ya yi furfura. Ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba aka yi bikin 'yar Kawu a Gwaram, aka ɗauko shi yana saurayi siriri, da masu kalangu da 'yan amshinsa, aka kuma ɗauko mai kyamara daga Kano. Daga baya wani ya buga kaset ɗin bikin da yawa ya kai kasuwa, da shi yaron nan ya fara yin suna, amma yanzu ko ɗaya ba a samu sai namu. Mahaifina ya sayo wa Gwaggo bidiyo da talabijin don wannan kaset, duk ranar da aka kawo wuta ɗakinta ya cika da matan maƙwabta.

"Nan ne ya yi waƙa," in ji ta. "Ki ga gumi. Ki ga yadda yake juyawa ya kalli 'yan amshinsa, su ma su kalle shi." Hoton yana rawa, yara suna tura kai gaban kyamara, akuya ta ratsa tsakiyar fili wani ya bi ta da takalmi. Gwaggo ta san kowa a ciki, tana kallo tana lissafa wanda ya rasu da wadda aurenta ya mutu. Can sai a fito da amarya, yaron nan ya gama yi wa kakanninta kirari, sai ga Gwaggo ta keto mata da zaninta shuɗi. Ta kama hanci, ta ɗaga kai, ta saki guɗa doguwa, ta karya ta a ƙarshe kamar mai dariya. Mai kyamara ya tsaya a kan fuskarta har ta gama. Duk sanda aka zo wurin sai ta ce, "Kai, wannan mata ba ta da kunya," tana murmushi.

Da yaron nan ya koma Kano sai abubuwa suka canza. Kalangu ya tafi, fiyano ta zo. Aka daina ganin taro, sai lambu da furanni da bakin dam, da 'yan mata cikin anko suna rawa a jere. Gwaggo ba ta bari ko kaset ɗaya ya wuce ta, kuma ba ta bar ko ɗaya ba ta yi masa tatas ba. "Mutum yana cikin magana ɗaya ya sake riga? Ɗazu shadda, yanzu yadi, baitin bai ma ƙare ba. Ina 'yan amshin? Ina jin su ban gan su ba, ko a rijiya ya zuba su?" In na ce, "To Gwaggo, a kashe mana," sai ta ce, "Taɓa ki gani."

A irin wannan kallo ne abin ya faru. Tana dama fura, muna kallon wani sabo, sai wata yarinya a cikin masu rawa ta ɗora yatsu a hanci, guɗa ta tashi. Ludayi ya faɗi daga hannun Gwaggo.

"Uwata, tawa ce."

Na ce, "Haba Gwaggo, guɗa ai duk ɗaya ce."

"Ɗaya ce a gidan wa? Ki saurari ƙarshen. Wa yake karya ta haka in ba ni ba? Ki kalli 'yar banzar nan, ko wuyanta bai motsa ba."

Aka sake sawa, na saurara, wallahi ita ce. Daga baya wani ɗan Kawu da yake zaune a Kano ya yi mana bayani, wai masu haɗa kiɗa ne suka yanko guɗar daga tsohon kaset suka zuba a cikin fiyano, suka ba ta maɓallinta. Duk inda ake so a waƙa, sai a danna. Gwaggo ta ce, "Wato sun sa ni a akwati. In sun ga dama su danna ni." Kwana biyu ba ta kunna talabijin ba, a na uku ta aike ni in tambayo ko wani sabo ya fito.

Daga nan kallonta ya zama duba aiki. Ba ruwanta da kyan 'yan mata, so take ta ji inda aka sa ta. A wurinta guɗa tana da gurbi. Ba a yin ta sai kirari ya kai ƙarshe, ba a yin ta a kan maganar mutum, ba a kuma yin ta inda ake baƙin ciki. Ran da suka sa ta a wata waƙar rabuwa, saurayi yana kuka a gindin bishiya, Gwaggo ta miƙe tsaye a tsakar ɗaki. "Ana rabuwa ana guɗa? Wane mahaukaci ne aka ɗora a kan abin nan? Jama'a za su ce ni ce ban san aikina ba!"

Zamanin sidi ya fi ba ta haushi. Sai ga yaron nan a gaban dogayen benaye, sai ga shi a cikin ƙanƙara, sai ga jirgin sama yana wucewa ta bayan hularsa. Yaran gida suka ce ya je ƙasar waje. Gwaggo ta matsa kusa da talabijin ta ce, "Ƙarya ne. Ina inuwarsa? Ku dubi ƙafarsa, ba ta taɓa ƙasa ba." Muryarsa ma an sirantar da ita da na'ura, ta ce kamar sauro a cikin gwangwani. Amma akwai wata waƙa da ya yi wa mahaifiyarsa a lokacin, yana zaune shi kaɗai a kan tabarma, babu rawa babu benaye. Wannan kam ta yaba, ta ce, "Yau ya tuna gida." Ba a sa guɗarta a ciki ba, ta ce daidai ne, sun yi hankali.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka faɗa kawai ta iya. Wata damina aka ce mata za a kai wata marainiya ɗaki a Wurno, ba uwa ba gwaggo, dangin miji kuma sun raina abin. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ce in ɗauko mayafina. Mota ta ajiye mu a bakin titi, muka ƙarasa a ƙafa cikin taɓo, takalmanmu a hannu, tana tafe tana zagin hanya. Muka tarar ana shirin shigar da yarinyar shiru kamar an sato ta. Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗakin da taɓo har gwiwa ta saki guɗa, ta sake, ta sake, har matan maƙwabta suka fito da gudu suna tambayar 'yar gidan wa aka kawo. Uwar ango ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga neman tabarma. Ko ruwan gidan Gwaggo ba ta sha ba muka juyo.

Sau ɗaya ta sake ganin yaron nan ido da ido. Lokacin siyasa ne, ya koma yi wa 'yan takara waƙa, bidiyonsa duk motoci ne da manyan riguna. Gwaggo takan ce, "Na yi wa wannan guɗa, na yi wa abokin hamayyarsa, ban kuma zaɓi ko ɗaya ba." Aka ce zai zo taro Gwaram, ta ce sai ta je. Muka kutsa cikin rana har kusa da dandamali. Ya yi ƙiba, yana riƙe da lasifika, wani yana tsaye a bayansa a kan fiyano. Ya ɗauko wani tsohon kirari irin na da, ya kai ƙarshensa, mai fiyano bai danna komai ba. Gwaggo ta kasa daurewa. Ta kama hanci ta rangaɗa, filin nan kaf ya ɗauka.

Yaron nan ya juya a fusace, ba wajenmu ba, wajen mai fiyano. Da lasifikar a bakinsa ya ce, "Kai, wa ya ce ka danna?" Mutumin ya ɗaga hannuwa biyu sama yana rantsuwa. Muka yi dariya har hawaye. Na ce, "Gwaggo, mu je ki gaya masa." Ta ce, "In gaya masa me?" A mota tana ta ba fasinjoji labari ana ƙyaƙyatawa, amma muna yin rabin hanya ta juya tana kallon gonaki. Can ta ce, "Uwata, bai ko waiwayo ba."

Yaya bai taɓa zama ya kalli ko ɗaya daga cikin kaset ɗin nan ba. Ɗan fari ne, tun yana jariri aka kai shi wurin kakanni a Gwaram. Saboda kunyar ɗan fari Gwaggo ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo sai ta juya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. "Mai motar nan" take ce masa. A bikinsa ma gidan maƙwabta ta ɓuya, wata aka ɗauko ta yi guɗa. Shi kuwa duk tashar da ya shiga, duk shagon da ya wuce, muryar uwarsa yake ji, 'yan kamasho suna kwaikwayo suna dariya ba su san ta wace ce ba.

Wata rana ya zo gaishe ta ya tarar jikoki sun kewaye ta suna nuna mata sabon bidiyo a waya. Ya kore su, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Malamai sun ce akwai sadaka mai gudana, akwai kuma zunubi mai gudana. Muryarki tana yawo a cikin maza, ana rawa da ita. Ko bayan ranki ba za ta tsaya ba." Ta juya masa baya ta ce da ni, "Uwata, gaya wa mai motar nan ban aike shi ba." Ya ce, "Ba sai ta gaya mini ba, na ji. Duniya duk ta san muryarki, ni ban taɓa jin ta da sunana ba." Ya tashi ya fita. Ban taɓa ganin an rufe wa Gwaggo baki ba sai ranar.

Maganar ta shige ta. Ta daina zuwa biki, duk mai gayyata sai ta ce ƙirjinta ne. Ta aike ni wurin malamai. Wani ya ce babu komai a kanta tunda ba da saninta aka ɗauka ba, wani ya ce ta yawaita istigfari. Ba wanda ya kwantar mata da rai. Sai ta ce a fitar da kwalin daga ɗakinta, kafin azahar ta ce a mayar. Ta hana jikoki kawo mata waya, in an kwana biyu kuma ta kira ɗaya ta ce, "Yaron nan bai saki wani ba?" A jinyarta ta ƙarshe ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce, "Uwata, in na kwanta a can, kullum aka danna za a tashe ni?" Na ce, "Haba Gwaggo, Allah Mai rahama ne." Na san ba amsa na ba ta ba, kuma har yau tambayar nan tana ci na.

To, da wannan nake yawo a cikin kwanakin zaman makoki. Na san Yaya ba mugunta yake nufi ba, tsoro yake ji mata. Ni ma ina ji. Amma ƙone kwali ba zai ciro guɗar daga wayoyin jama'a ba, fuskar kawai zai ƙone. Ana gobe bakwai na tare shi a soro na ce, "Yaya, ka ƙone duka, ban da na farko. Ka zo mu kalla sau ɗaya. In ka ga abin kunya, ni da hannuna zan kyasta ashanar." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "A ina? Bidiyonta ya mutu tun yaushe."

Washegari bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, ya ɗauke ni a motarsa, kaset ɗin a cikin mayafina. Muka zagaye masu gyara na Birnin Kudu, wani ya yi mana dariya, wani ya ce ya daɗe da sayar wa 'yan gwangwan da nasa. Aka ce akwai a gidan wasu dangi a Sundimina, muka je muka tarar ɓera ya cinye wayoyin ciki. Na zaci Yaya zai ce mu koma gida, sai na ga ya ɗauki hanyar Gwaram. In mun faɗa rami sai ya yi tsaki. Ina ta addu'a a raina, Allah Ka yafe wa Gwaggo, Ka sa kabarinta ya yi mata faɗi, kada Ka kama ta da abin da wasu suka danna.

Gab da la'asar muka samu wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa, yana da bidiyo a ƙarƙashin tarkace. Ya hure ƙura, ya tayar da janareta, ya tura kaset. Hoto ya fito, ya koɗe amma ana gani. Ga yaron nan siriri, ga masu kalangu, ga Kawu da baƙin gemu. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Da aka fito da amarya na ce, "Yaya, matso, yanzu ne." Ya matso.

Kirari yana kai ƙarshe hoton ya tsage. Layuka farare suka cika gilashin suna gudu sama da ƙasa, ba fili, ba mata, ba zani shuɗi. Sai guɗar ta taso daga cikinsu, tsaf, doguwa, ta karye a ƙarshe. Tana gamawa hoto ya dawo, ana shigar da amarya mota.

Na ce, "Malam, gyara mana, don Allah!" Ya fitar da kaset ya buɗe murfin, ya duba zaren a hasken ƙofa, ya girgiza kai. "Hajiya, ba daga inji ba ne. Wurin nan ne kaɗai ya cinye. Mai shi ya yi ta maimaita nan har hoton ya goge, ba mai iya dawo da shi." Na zauna a kan wani tsohon talabijin.

Yaya ya ce, "Sake sa mana wurin." Dattijon ya sa. Yaya ya durƙusa a gaban gilashin, kusa har hasken yana wasa a fuskarsa, yana kallo ba ƙiftawa, irin kallon da bai taɓa samun yi mata ba tana da rai. Layukan suka taso, guɗar ta taso. Ya ɗora yatsa a gefe ɗaya na gilashin, hawaye suna bin gemunsa.

"Ga ta nan," ya ce. "Kin gan ta? Nan, ta ɗaga kai."

Na duba iya dubawata. Babu komai a wurin sai farin layi.

Na ce, "Ita ce, Yaya."